Wa Zai Wanke Kawu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a gidansa na unguwar Moss Side a Manchester, yana zaune a kujerar da yake karatu, tabarau a kan hanci. Inna, matarsa, ta kawo masa shayi ta tarar rai ya yi halinsa. Ni ina jami'ar Aston a Birmingham, ina tsakiyar aiki, sai ga wayarta. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Kawunka ya cika. Ka taho mini da ɗan'uwanka."

Ɗan'uwan nan da take nufi taubashina ne, ɗan Kawu namiji tilo. A Manchester aka haife shi, amma ya daɗe da komawa Birmingham, gari ɗaya muke da shi. Na kira shi nan take. Ya ce da Turanci in yi gaba, yana nan tafe. Na san irin wannan "ina tafe" tasa tun ba yau ba, don haka gabana ya faɗi tun kafin in hau mota.

Da na isa gidan, takalma sun cika ɗan siririn zauren nan har sun zubo kan dakalin waje. Ɗalibai 'yan gida da ke zaune a unguwar Withington sun jeru a kan matattakala, kowa ya sunkuyar da kai. Wani daga cikinsu yana ta maimaita wa na kusa da shi cewa rigar sanyin da ke jikinsa ta Kawu ce, a filin jirgi ya cire ya ba shi ranar da ya sauka. Tsohuwar maƙwabciyarsu, 'yar Jamaika, ta fi mu kuka, tana cewa yanzu wa zai riƙa ƙwanƙwasa mata ƙofa da safe ya ji ko ta tashi lafiya. Akwai wani dogon Bature mai furfura da suka yi aikin tonon kaburburan mutanen da tare da Kawu. Ya cire takalmi, ya lanƙwashe ƙafafunsa da ƙyar ya zauna a ƙasa tare da mu, ya ce a duk rayuwarsa Kawu kaɗai ya taɓa gani yana yi wa ƙasusuwa sallama.

Dattawanmu kuwa sai su ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," su shafa, sannan su saci kallon ƙofa. Duk sun san wanda ake jira. Liman ya ja ni gefe ya ce takardun likita da na hukuma ba za su kammala ba sai gobe, don haka wanka da jana'iza sai jibi da safe.

Ya ce, "Wa zai shiga wankan?"

Na ce, "Ni da ɗansa, Allah gafarta Malam."

"Ina ɗan nasa?"

Na ce yana hanya. Tsoro nake ji a lokacin, ba na mutuwar ba, tsoron kada jibi ta yi a shiga da Kawu ɗakin wanka babu hannun ɗansa a jikinsa. Wanda bai san Kawu ba zai ce to sai me, ai ko wane Musulmi ya wanke shi ya wanku. Shi ya sa nake wannan rubutu, don a san shi.

Yayan mahaifiyata ne. Ya zo Ingila karatu tun ba a haife ni ba, kuma cikin duk ilimin da ke duniya sai ya zaɓi tarihin wasu mutane da ko sunansu ba a taɓa ji a garinmu ba. Mahaifiyata takan ce, "Yaya ya tafi Turai karatun matattun arna." Shi kuwa har Hausa ya mayar da su. Sai ka ji yana cewa Hunawa da Gotawa da Bandalawa da Saksonawa, kai ka ce zancen Gobirawa da Zamfarawa yake yi. In ana cin tuwo sai ya jawo kwanon miya ya ce wannan daular Rum ce. Cokali ya zama Hunawa, makiyaya masu dawakai da suka fito daga gabas. Su suka turo Gotawa, Gotawa suka taru a bakin kogi da mata da 'ya'ya da amalanke suna roƙon a bar su su haye. Bandalawa suka yi ta tafiya har suka tsallaka teku suka faɗa arewacin Afirka. Saksonawa da danginsu kuma suka shigo tsibirin nan cikin kwale-kwale. Kafin ya gama miyar ta huce, Inna tana ta masifa daga kicin.

Yana da wata magana da yake yawan yi: "Ba wanda ya tsiro daga ƙasa sai rogo." In wani ɗan siyasa ya fito a talabijin yana kumfar baki cewa baƙi sun mamaye ƙasa, Kawu sai ya rage murya ya ce, "Bawan Allah, kakanka ma a jiƙe ya sauka." Ya taɓa gaya mini cewa sunan Birmingham ɗin da nake taƙama da shi ba komai ba ne illa gidan mutanen wane, kamar yadda muke sa wa ƙauye sunan wanda ya sari dajin. Sai dai dariyar ba ta daɗewa a fuskarsa. Can sai ya ce, "To ina Hunawa yau? Sun girgiza duniya, amma ba mutum ɗaya da ya san yadda suke gaisuwar safe. Ba kashe su aka yi duka ba. 'Ya'yansu ne suka wayi gari sun zama wasu mutane."

Shekarar da na zo karatu ya ɗauke ni zuwa ma'ajiyar wani gidan tarihi inda yake bincike. A ƙarƙashin ƙasa take, ga sanyi, ga kantoci cike da kwalaye har rufi. Sai da ya yi alwala kafin mu sauka, kuma da ya tura ƙofa ya yi sallama. Na ce, "Kawu, wa kake yi wa?" Ya ce, "Masu ɗakin. Baƙi ne irina, kuma ba a faɗo wa mutane kamar akuya."

Ya buɗe wani kwali, na leƙa na ga ƙoƙon kan mutum. Na ja da baya har na bugi kanta. Ya ce mace ce, kuma gwajin haƙoranta ya nuna ba ruwan ƙasar nan ta sha tana yarinya ba, daga hayin teku ta zo. Ya nuna mini hoton kabarinta ranar da aka buɗe shi: an miƙar da ita, an daidaita hannuwanta, ga duwatsun wuya, ga maƙallan riga a kafaɗu biyu irin na ƙasarsu. Ya ce, "Dubi yadda aka gyara ta. Wanda ya yi wannan ya ga yadda aka yi wa kakarsa." Sai ya zaro wani hoton. Namiji ne, an jefa shi rub da ciki, hannu ɗaya a danne a ƙarƙashinsa, ƙafa a karkace. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan ba mai shi."

Daga nan ya bi layukan maƙabartar da yatsa a kan taswira. Na farko an binne su irin na gida sak. Na tsakiya an fara kuskure, wani abin an sa shi inda ba wurinsa ba, wani an manta shi. Na ƙarshe kuwa ba ka iya cewa daga ina suka fito. Ya ce, "Harshe a hankali yake fita, ba ka jin motsinsa. Amma ranar da ɗa ya kasa yi wa ubansa abin da uban ya yi wa nasa, ranar zance ya ƙare." Ranar ko nama ban iya ci ba.

Ni da bakina ba ya shiru, a hanyar komawa cikin bas na ce, "Haba Kawu, mu ai Musulmi ne, abin a rubuce yake. Ga 'yan Pakistan da 'yan Somaliya a masallaci, sun fi mu iya wankan ma." Ya ce, "Allah ya saka musu, sun rufa mana asiri ba sau ɗaya ba. Amma su 'ya'yansu suke koya wa. Kai wa kake koya wa?" Na ce ai ko aure ban yi ba. Ya ce shi ya sa kaina yake kamar fanko.

Ba a baki kawai ya tsaya ba. Duk Bahaushen da ya rasu tsakanin Manchester da kewaye, Kawu ake kira. Yana da gwangwanin madara cike da garin ganyen magarya da yake sa a kawo masa daga gida, da bandir ɗin alawayyo a saman kabad. Wani ɗalibi ya taɓa rasuwa shi kaɗai a ɗakinsa a Withington, ba dangin iya ba na baba a ƙasar nan, kuma sai da aka kwana biyu kafin a sani. Mutane suka yi ta noƙewa. Kawu ya naɗe hannun riga ya shiga. Bayan an binne yaron ya nemi lambar mahaifinsa ya kira shi, ina zaune, ya ce, "Malam, ni na wanke ɗanka da hannuna. Na sa masa magarya da kafur, na ɗaure masa rawani. Kamar a gabanka aka yi." Ina jin kukan dattijon daga inda nake.

Amma Kawu yana da taurin kai, Allah ya gafarta masa, kuma in tsoro ya kama shi ba ya ganin na wani. Wata Lahadi bayan azahar ya kira mu, ni da taubashina, lokacin duk muna samari. Muka shigo falo muka tarar an kwashe komai daga kan teburin cin abinci, an shimfiɗa leda, ga bokiti biyu da moɗa, ga alawayyo an yayyanka. Inna tana tsaye da mayafi a hannu.

Ta ce, "Malam, wannan jawo wa kai ne. Ba da ni ba."

Ta fice gidan maƙwabciya. Shi kuwa ya tuɓe riga, ya ɗaura zane, ya hau teburin ya miƙe.

Ya ce, "Zan faɗa muku sau ɗaya, sannan in mutu. Ku wanke ni."

Muka yi dariya, don mun zaci wasa ne. Ya jero mana yadda ake yi: a rufe al'aura, a naɗe hannu da ƙyalle, a matsa ciki a hankali, a yi tsarki, a yi alwala, kai da gemu, dama kafin hagu, ruwan ƙarshe da kafur. Sannan ya ce bismillah ya rufe ido.

Wallahi ban taɓa ganin mai rai ya iya mutuwa kamar Kawu ba. Na ɗaga hannunsa na saki, ya faɗi tim a kan teburin. Kansa ya yi nauyi, bakinsa ya ɗan buɗe. Dariyar ta gudu daga bakinmu. Taubashina yana zuba ruwa yana cewa, "Dad, ya isa haka," amma Kawu ko gezau. Muka lallaɓa muka gama, muka tsane shi, muka zo kan likkafani. Taubashina ya ɗaure masa haɓa, ya ja farin ƙyallen ya rufe fuskar. Muka tsaya muna kallon ƙyallen ko zai motsa da numfashi, bai motsa ba. Ashe riƙe numfashinsa ya yi.

Taubashina ya kurma ihu, ya fizge ƙyallen, ya kama kafaɗun ubansa yana jijjigawa. Sai Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Da hagu ka fara. A sake."

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Taubashina yana kuka yana zazzaga Turanci, yana cewa wane irin uba ne zai yi wa ɗansa haka. Kawu yana zaune a kan tebur, jiƙe, likkafani a wuya, yana cewa gara ka ji tsoro yau ina nan da ka ji shi ranar da ba ni. Da a nan ya tsaya da an shirya. Sai ya ƙara da cewa, "Na ga irinka a maƙabarta. Kai ne layin ƙarshe." Taubashina ya san ma'anar maganar sarai, tun yana yaro yake jin ta a kan wasu. Ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma ba a daɗe ba ya nemi aiki a Birmingham.

Ba wai sun yanke zumunci ba ne. Yakan zo da Sallah da matarsa da ɗansa, a gaisa, a ci abinci a kan teburin nan, a yi zancen ƙwallo da tsadar haya. Amma bai ƙara kwana a gidan ba, kuma ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Ni Kawu ya riƙa ja zuwa wankan gaske har hannuna ya faɗa. Sau da yawa na so in ce masa ya ba yaron nan haƙuri, sai in ga yadda yake kallon ƙofar ɗakin wanka duk lokacin da muka shiga, sai in haɗiye. Wata rana muna wanke hannu ya ce mini, "Kai ɗan ƙanwata ne, na gode maka. Amma in shi bai shigo ba, to ban bar komai a ƙasar nan ba."

Wannan maganar ce take yi mini amsa-kuwwa a gidan makoki. Talata ta wuce bai zo ba. Laraba da safe Inna ta dube ni da jajayen idanu, na ɗauki makullin mota na koma Birmingham. Duk tsawon hanya ina tsara zagin da zan yi masa, har da wanda ban taɓa yi wa kowa ba.

Matarsa ta buɗe mini ƙofar gidan ta nuna mini falo. Yana zaune a bakin kujera da takalmi a ƙafa, da rigar sanyi, makullin mota a hannu. Ta ce tun jiya haka yake. Zagin nan duk ya bi ruwa.

Na ce, "Tashi mu tafi, matsoracin banza."

Ya ce da Turancinsa na 'yan Manchester, "Sallar zan zo. Ɗakin ne ba zan iya shiga ba."

"Ubanka ne fa."

"Na sani. Na taɓa rufe masa fuska sau ɗaya. Har yau in na ga farin zanen gado sai in tuna ranar nan. Tsoro nake ji, ka gane? In na shiga na sake gudu fa, a gaban mutane?"

Na zauna kusa da shi. Na ce, "Kana ganin ni ba na ji? Duk gawar da na taɓa wankewa, Kawu yana tsaye a bayana. Gobe shi ne a kwance. In ka bar ni ni kaɗai a ɗakin nan, wallahi ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni ba." Ba dabara na yi masa ba, gaskiyar ke nan. Ya daɗe yana juya makullin, sannan ya miƙe.

Ɗakin wanka na masallacin ƙarami ne, farin tayil, teburin ƙarfe, da ƙamshin kafur da ya kama bango. Wani dattijo ɗan Somaliya mai kula da wurin ya ce zai tsaya a bakin ƙofa ko za mu buƙace shi. Na yaye mayafin. Kawu ya ƙanƙance, gemunsa ya yi fari fat, fuskarsa a sake. Taubashina ya tsaya ta wajen kai, hannuwansa a hammata.

Na naɗe hannu na yi tsarki. Na ce masa ya zo ya yi alwalar. Ya matso, da ƙyar ya shafa fuskar. Muka wanke kai da gemu. Sai muka zo juya shi. Muna karkata shi hannunsa ya zamo ya faɗi, iska ta fito daga ƙirjinsa da wani sauti kamar ajiyar zuciya.

Taubashina ya yi tsalle baya, ya ture bokiti, ruwan magarya ya malale a ƙasa. Ya ce, "Dad." Ni kaina saura kaɗan in saki gawar. Dattijon ya ce a hankali iska ce kawai, haka take yi. Taubashina ya manna bayansa da bango, idonsa a kan ƙofa, kuma ƙofar a buɗe take. Ina riƙe da kafaɗar Kawu ni kaɗai, nauyinsa yana rinjayata. Na ce a raina shi ke nan, abin da Kawu ya ji tsoro ya faru a hannuna.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji ƙarar bokiti, taubashina ya ɗaga shi ya tara a famfo. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya zo ya tallafi kan ubansa. Da gurguwar Hausarsa, wadda na yi shekaru ina yi wa dariya, ya ce, "Nuna mini. A hankali."

Muka wanke shi sau uku, na ƙarshe da kafur. Shi ya tsane shi, shi ya naɗa rawanin ina gyara masa, shi ya rufe fuskar. Yana kuka, amma hannunsa bai ƙara barin jikin ba. A maƙabarta ma shi ya sauka cikin ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi a kan damansa. Da muka dawo gida Inna ta kama hannuwansa biyu ta shinshina, ta ji kafur, sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun Talata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa ruwan da ya zuba wa bayin Allah a ƙasar nan ya zama sanyi a kabarinsa. Allah ya ba Inna haƙuri.

Bayan sadakar uku muka kamo hanyar Birmingham, ni ke tuƙi. Mun yi nisa, sai taubashina ya ce, "In na riga ka, kai za ka yi mini."

Na ce, "Dole, tunda ka fi ni cin maiƙo."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ka riga ni, ni zan yi maka. To wanda ya rage fa?"

Shi ɗansa ɗaya, ni ma ɗana ɗaya, dukansu a nan aka haife su, kuma ba wanda ya taɓa ganin gawa a cikinsu. Da na isa gida na tarar nawa yana cin abinci a gaban talabijin. Ya yi mini sannu da Turanci bai ɗago ba, na zauna a gefensa ina kallon hannuwansa har ya tambaye ni ko lafiya.